Mai Farin Kwat da Muryar da Ba Tasa Ba

Haihuwa da Asali

An haifi marigayi mawaƙin da jama'a suka sani da laƙabin Mai Farin Kwat a shekarar 1938, a wani ƙaramin gari da ke kan layin dogo, a gidan haya na bayan tasha. Mahaifinsa mai gyaran keken ɗinki ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce a ɗakin shan magani na garin. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji. An rubuta wannan tarihi ne saboda a yau dubban mutane sun haddace waƙoƙinsa, alhali kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa jin muryarsa, kuma ya kamata 'yan baya su san yadda aka yi hakan ta faru da waɗanda suka jawo ta.

Tun yana ƙarami an san shi da jan magana a hankali. Yayyensa mata sun ba da labarin cewa idan an aike shi da saƙo, kafin ya kai tsakiya wanda aka aika wa ya gaji ya ƙarasa masa. Mahaifiyarsa takan ce masa, "Kai in ka fara gaisuwa da safe, sai azahar za a amsa maka."

Karatu

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1946, sannan ya wuce makarantar gaba a 1953. A shekararsa ta biyu a can muryarsa ta buɗe, ta yi kauri da zurfi fiye da ta malamansa, har malamin waƙe-waƙe ya mayar da shi layin baya, ya kuma umarce shi da ya riƙa rage sauti domin yana danne sauran ɗalibai. Bai yi fice a darasi ba, bai kuma taɓa faɗuwa ba. Ya kammala a 1957 da takardar shaida mai matsakaicin sakamako, wadda ta ishe shi samun aikin gwamnati kamar yadda mahaifinsa ya yi buri.

Aiki a Ofishin Tarho

A ƙarshen 1957 aka ɗauke shi aikin haɗa kira a ofishin tarho na babban birni. A wancan zamani mai son magana da wani sai ya ɗaga tarho ya faɗa wa ma'aikaci lambar da yake so, shi kuma ya soka waya a ramin da ya dace a jikin wani babban allo. A wani dogon ɗaki na saman bene yake zama tare da abokan aikinsa, kowa da abin ji a kunne, kuma abin da yake faɗa a kullum bai wuce "Wace lamba ake nema?" ba. Ba a daɗe ba shugaban sashen ya lura cewa kira na yawaita daga masaukin ma'aikatan jinya da gidajen malamai mata a lokacin aikinsa, kuma da yawa daga masu kiran ba su da wata lamba a ransu. An ruwaito cewa ya kira shi ofis ya ce, "Malam, ko dai ka rage muryar nan, ko mu ƙaro layi."

A shekarar 1960 wani mai otal da ya saba jin sa a tarho ya gayyace shi ya gwada waƙa tare da makaɗan otal ɗinsa a ƙarshen mako. Da wani farin kwat na gwanjo ya je, wanda hannunsa ya ɗan gaza, kuma daga nan laƙabinsa ya samo asali. Salonsa ya bambanta da na mawaƙan lokacin. Ba ya rawa, ba ya ɗaga murya. Yakan tsaya cik, bakinsa dab da makirufo, ya rera waƙar soyayya a hankali kamar mai yi wa mutum ɗaya magana a kunne. Masu hidimar otal ɗin sun ce idan ya fara, ko ƙarar cokali ba a ji. A 1962 ya ajiye aikin tarho ya rungumi waƙa, duk da rashin amincewar mahaifinsa.

Naɗar Waƙoƙin Farko

Tsakanin 1963 da 1966 ya naɗi waƙoƙi goma sha biyu, waɗanda su ne ginshiƙin sunansa. An yi aikin ne a wani sito da ke bayan shagon sayar da rediyo, inda aka rataya barguna a bango don kada amo ya dawo. Mai shagon shi ne injiniyan, kuma yana naɗar murya a kan tef, wato zaren nan da ake naɗewa a kan faranti biyu.

A nan wajibi ne a yi bayanin wani abu dalla-dalla, domin a kansa ne sauran rayuwar marigayi ta rataya. Wutar da ake aiki da ita daga wani tsohon janareta take zuwa, kuma ba ta da ƙarfi. Saboda haka na'urar naɗin takan juya ƙasa da gudun da aka ƙera ta da shi, kuma jinkirin nata yakan bambanta daga rana zuwa rana, gwargwadon lafiyar janaretan da yawan fankokin da aka kunna a shago. Duk abin da aka naɗa a kan na'ura mai jinkiri, idan aka kunna shi a kan lafiyayyar na'ura, zai fito da sauri, muryar kuma ta yi sama ta sirance.

Injiniyan ya san da wannan, kuma yana da dabararsa. Ranar da za a kwashe waƙa daga tef zuwa uwar faifan da za a aika masana'anta, yakan kira mawaƙin ya tsayar da shi kusa da na'urar ya ce, "Ja mini layin farko." Mawaƙin ya rera da bakinsa, injiniyan kuma ya riƙa murɗa maɓallin gudu a hankali, har sai muryar cikin inji da ta mai rai sun haɗu an kasa bambance su. Sai an kai nan ake yanka faifai. Haka aka yi wa kowace waƙa cikin sha biyun. Ba a rubuta komai a jikin kwalayen tef ɗin ba. Mai jitar ƙungiyar ya taɓa tambayar dalili, injiniyan ya amsa masa da cewa, "Mai muryar na nan da ransa, me za a rubuta?"

Faya-fayan sun karɓu ƙwarai, musamman "Kada Ki Rufe Taga" ta 1964, da "Jirgin Yamma Ya Wuce", da "Na Zo Ban Same Ki Ba". A shagunan aski da na teloli akan juya faifai ɗaya har allurar garmaho ta dakushe.

Aure da Iyali

A shekarar 1965 ya auri wata malamar firamare, wadda tana cikin masu kiran ofishin tarho a shekarun baya, ko da yake ita har yau cewa take lambar asibiti take nema. Saboda ita ya yi "Kada Ki Rufe Taga", domin a saman bene take zaune a gidan malamai, kuma duk lokacin da ta hango farin kwat a kan titi sai ta ja tagarta. Allah ya albarkace su da 'ya'ya shida tsakanin 1966 da 1981. Babbar 'yarsa sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiran ta har ƙarshen rayuwarsa. A gida mutum ne mai ƙarancin magana, mai goge takalmansa da kansa, wanda ba ya waƙa sai yana guga.

Shekarun Janyewa

Daga farkon shekarun 1970 kiɗa ya sauya, matasa suka koma wa mai zafi da rawa. An ba shi shawarar ya bi zamani, ya ƙi. A 1974 aka sallami makaɗan otal ɗin, shi kuma ya koma hukumar tarho a matsayin mai horar da sababbin ma'aikata, inda ya zauna har ya yi ritaya a 1993.

A cikin waɗannan shekaru ne shaidun muryarsa suka fara ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Injiniyan ya rasu a 1981, aka sayar da shagon, kwalayen tef suka koma hannun magada. A 1988 gidan rediyo ya zubar da tsofaffin faya-fayansa lokacin da ya koma amfani da kaset. Na gidan mawaƙin kuwa, da aka adana a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano, zafi ya lanƙwasa su kamar ganye. Zuwa shekarar 2000 iyalinsa ba su san da ko faifai ɗaya mai kunnuwa ba. Bai damu ba, domin ya san tef ɗin na nan, shi ma yana nan.

Sake Fitar da Waƙoƙin

A shekarar 2009 wani kamfanin faya-fayai ya sayi tef ɗin daga magadan injiniyan da nufin sake fitar da waƙoƙin sha biyu. Kamfanin ba zai iya cewa bai san mawaƙin na raye ba, domin ya turo wakili har falonsa, ya karɓi sa hannunsa, ya kuma cire hotonsa daga bango ya tafi da shi don bangon faifai. Wakilin ya sha ruwan gidan, ya yaba kyan kwat ɗin da ke hoton, amma bai ce wa mai muryar ya zo ya saurari abin da ake shirin fitarwa da sunansa ba. Ma'aikatan kamfanin suka ɗora tef ɗin a kan sabuwar na'ura mai cikakken gudu, suka share ƙarar janareta, suka buga dubban faya-fayai.

Ranar da aka kawo wa iyalin nasu faifan, 'ya'ya da jikoki suka taru a falo. Babbar 'yar ce ta kunna. Kiɗan ya shigo a gaggauce, sannan wata siririyar murya mai rawar kai ta biyo baya tana roƙon kada a rufe taga. Marigayi ya saurara har baiti na farko ya ƙare, sannan ya ce, "Wane ne wannan yaron?" Jikoki suka fashe da dariya, suna zaton wasa yake yi. Matarsa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wannan ba mijina ba ne. Wannan wani ne mota za ta tashi ta bar shi. Da shi ya tsaya a ƙarƙashin tagata, da har yau tana rufe."

Neman Gyara

Cikin makon ya je ofishin kamfanin tare da mai jitar, wanda shi kaɗai ya rage a cikin tsofaffin makaɗansa. An zaunar da su a wani ɗaki mai sanyin na'ura, a gaban tebur na gilashi, a ƙarƙashin hotonsa da aka faɗaɗa har ya fi ƙofar ɗakin tsawo. Ya yi wa manajan bayanin janareta da maɓallin gudu, a hankali kamar yadda ya saba, manajan kuma yana duban wayarsa. Buƙatarsa ɗaya ce: a ba shi yammaci guda a ɗakin naɗi, ya ja layin farko na kowace waƙa, a daidaita.

Manajan ya ce, "Baba, tef ba ya ƙarya. Abin da ke ciki muka fitar. Kuma ka yi haƙuri, shekaru ne, murya takan yi ƙasa, mutum ya ɗauka haka take tun da."

Mai jitar ya ce, "Yaro, ni na kaɗa jitar nan, kuma jita ba ta tsufa kamar murya. Da haka muka yi gudu, da tun a lokacin yatsuna sun zube."

Manajan ya yi dariya ya ce tsofaffi akwai ban dariya, sannan ya yi tayin ƙara wa marigayi kasonsa. Marigayi ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Aka raka su har mota da girmamawa, aka ce za a neme su.

Adalci ya sa a faɗi cewa maganar manajan ba ƙarya ce tsantsa ba, domin muryar ɗan shekara saba'in da ɗaya ba ta ɗan shekara ashirin da biyar ba ce. Amma akwai mai jitar da kayan kiɗansa, akwai matar da aka yi wa waƙar, akwai tsofaffin masu aski da teloli da suka ji faifan asali har ya zauna musu a kunne. Gwajin ba zai ci wa kamfanin komai ba face yammaci ɗaya. Kuskuren farko sakaci ne, kuma kowa na iya yin sa. Ƙin gwadawa bayan mai murya ya zo da ƙafarsa ya faɗa, wannan raini ne, kuma da gangan aka yi shi.

A halin da ake ciki faifan ya yi kasuwa fiye da yadda kamfanin ya zata. Saurin da kuskure ya haifar ya dace da kunnen matasa. Aka riƙa jin waƙoƙin a motocin haya, da wuraren biki, da wayoyin hannu. Da babbar 'yarsa ta koma kamfanin a 2010, amsar ta sauya. Ba a ƙara cewa tef ba ya ƙarya ba. Cewa aka yi, "Hajiya, jama'a sun riga sun saba. In muka rage gudu yanzu, cewa za a yi faifan ya lalace."

Taron Karramawa

A shekarar 2011 aka shirya taron karrama shi a babban zauren taro na birnin. Iyalinsa sun so ya ƙi zuwa. Shi kuwa ya ga dama ce ta samu, domin idan ya rera da bakinsa a gaban jama'a, kowa zai ji yadda waƙar take. Aka ɗinka masa sabon farin kwat, ya goge takalmansa da kansa.

Makaɗan da aka tanada matasa ne, kuma daga sabon faifan suka koyi waƙoƙin. Ba a shirya gwaji da shi ba. Da suka tashi kiɗan "Kada Ki Rufe Taga", ya shiga da nasa taku, a ƙasa, a hankali, bakinsa dab da makirufo. Kafin ya gama layin farko makaɗan sun kai na biyu. Jama'ar zauren suka fara tafi a jere don su ja shi gaba, sannan suka ɗauki waƙar da kansu suka wuce shi, har ba a jin sa. Mai gabatarwa ya shigo fili yana murmushi ya ce, "Jama'a, a taimaka wa Baba, waƙar ta kwana biyu!" Zauren ya ɗauki shewa.

A baiti na biyu ya yi shiru. Ya mayar da makirufo mazauninsa a tsanake, ya ɓalle maɓallin kwat ɗinsa, ya sunkuyar da kai ga jama'a, ya sauka. An yi masa tafi mai tsawo, irin wanda ake yi wa wanda aka tausaya wa. Washegari wata jarida ta rubuta cewa tsufa ya ci ƙarfin gwarzon mawaƙi har ya manta waƙarsa. A mota, kan hanyar gida, abin da ya faɗa wa babbar 'yarsa kawai shi ne, "Uwata, ba mantawa na yi ba. Su ne ba su taɓa ji ba." Daga ranar bai sake waƙa a bainar jama'a ba, kuma matarsa ta ce ko wajen guga ya daina.

Shekarun Ƙarshe

Mai jitar ya rasu a 2012. A 2013 kamfanin ya shaida wa iyalin cewa zai duba batun a bugu na gaba, bugun ya fito ba a duba ba. A farkon 2014 marigayi ya gamu da shanyewar ɓarin jiki wadda ta ɗauke masa magana gaba ɗaya, ta bar masa ji da hankalinsa. Ya yi jinya a babban ɗakin maza na asibiti, inda wayar majinyacin gadon kusa da shi take ƙara da waƙar "Jirgin Yamma Ya Wuce" in an kira shi. Duk lokacin da ta yi ƙara, yakan juya fuskarsa bango. Majinyacin, da ya gane ko wane ne maƙwabcinsa, sai ya riƙa barin ta ta daɗe tana ƙara don ya faranta masa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a gidansa da safiyar wata Talata a shekarar 2015, yana da shekara saba'in da bakwai. An yi masa sutura aka binne shi a maƙabartar da ke gefen gari, kusa da kabarin mai jitar. A ranar gidajen rediyo suka wuni suna sa waƙoƙinsa daga faifan kamfanin. Babbar 'yarsa ta kira ɗaya daga cikinsu ta roƙi a dakata, ta ce shiru ya fi musu. Mai shirin ya gode wa iyalin marigayi bisa kiran da suka yi, ya ce don girmama su zai maimaita waƙar. A 2016 kamfanin ya fitar da bugun tunawa da shi mai baƙin bango, da gudun da aka saba. A yanzu ko kamfanin ya so gyarawa, wanda za a tsayar kusa da na'ura ya ja layin farko yana ƙarƙashin ƙasa.

Ya rasu ya bar matarsa, da 'ya'ya shida, da jikoki goma sha tara. Babbar 'yarsa jami'ar jinya ce. Mai bi mata injiniyan ruwa ne, sai malamar sakandare, sai tagwaye mata, ɗaya tela ɗaya akanta. Autansu malamin lissafi ne, ba ya waƙa, amma shi kaɗai ya gaji muryar mahaifinsa, da kaurinta da jan ta, har mahaifiyarsa ta hana shi kiran ta a waya, ta ce ya riƙa zuwa da kansa ta ga fuskar mai magana.

A zaman makoki shi aka wakilta ya riƙa amsa gaisuwar baƙi a ƙofar gida. Wani matashi daga cikin masoyan marigayi, wanda ya yi doguwar tafiya don ya yi ta'aziyya, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya saurari godiyarsa har ƙarshe, sannan ya ce cikin tausayi, "Allah ya ji ƙan Baba. Kamanninku ɗaya wallahi. Muryar ce dai Allah bai ba ka ba, shi tasa siririya ce."

Autan ya ce, "Amin. Mun gode."